Ƙusoshin Bangon Yaya Hashim

Yayana Hashim bai taɓa kiran wani ya gyara masa komai a gidansa ba. Shekara arba'in da biyu ya yi a wannan gida na unguwar Pumpumre a Garwa, ban taɓa ganin magini ko kafinta ya ratsa zaurensa da kayan aiki ba. In ƙofa ta saki, shi ne. In famfo ya ƙi rufuwa, shi ne. Har rediyon da ya mutu murus sai ya buɗe cikinsa ya baza a tabarma, ya yini a kai, in ka ce ya sayi sabo ya kalle ka kamar ka zagi iyayensa. Ni ce ƙanwarsa Fanta, lungu ɗaya ya raba gidana da nasa, don haka duk taurin kansa a kaina ya ƙare.

Kakanmu daga Kano ya zo Garwa da fataucin tufafi, babanmu ya gaji rumfarsa, aka so Yaya ma ya zauna a ciki. Ina! Wata uku ya yi yana auna yadi, ya ajiye almakashi ya bi manyan motoci. Makanike ya zama, irin wanda ke tafiya tare da mota, daga Ngawundere zuwa Garwa, zuwa Marwa, har Kuseri. A Kuserin ya samo matarsa Achta. 'Ya'ya huɗu suka haifa, ɗaya ta rayu, ita ce Khaula.

Gidan nan yana da lokutansa, ko ba ka duba wata ba kana iya sanin inda shekara ta kai in ka leƙa. Kafin ruwan fari Yaya zai hau saman kwano da gwangwanin kwalta da ya narkar da tsummokaran tsohon zane, ya bi kowace ƙusa ya liƙe bakinta. In damina ta ɗauke, ya kwaɓa ƙasa ya toshe duk inda katanga ta tsage. Goman ƙarshe na azumi kuwa ta Achta ce. Ta jiƙa farar ƙasa a rabin duro, ta ɗaura tsintsiya a sanda ta shafe bango ciki da waje, ta fito da kwanukanta kaf ta wanke ta sake jerawa, ta ɗinka sabon labule. Shi aikinsa jan gado da kabad da surutu. Zai ce ruwan ya yi yawa a farar ƙasar, ta ce ya koma ƙarƙashin mota inda ya fi wayo, su yi ta yi, shi da Hausa, ita in abin ya kai mata wuya ta juye Larabcin Kuseri, maƙwabta kuma suna dariya da Fillanci ta bayan katanga. Ran Sallah sai ka ga gidan fari tas, su biyun kuma kamar ba su ba.

Ciwon suga ne ya sauke shi daga mota. Daga baya ya taɓa idon. Achta ta rasu shekara uku da suka wuce, bayan 'yar jinya ta kwana tara. Khaula tana aure a Ngawundere, mijinta Ziyad malamin makaranta ne, kuma ran addu'ar arba'in ta ce za ta tafi da babanta. Ya ce babu inda za shi, a gidan nan ya wanke matarsa, a nan za a wanke shi. Suka ja, suka ja, har ta gaji ta yi masa sharaɗi a gabana.

"Baba, na bar ka muddin kana gani. Ranar da idon nan ya rufe, ba zan ƙara tambayarka ba, zuwa zan yi in ɗauke ka."

Ya ce ya yarda. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye shi ido sai ya ce alhamdu lillahi, yana gani dishi-dishi.

Bari in faɗi abin da na sani yanzu, wanda ban sani ba a lokacin, don ban iya jan rai ba. Cikin shekarar farko bayan rasuwar Achta, da sauran ɗan hasken da ya rage masa, Yaya ya bi katangar tsakar gida ya kafa wa kansa hanya daidai inda hannu ke kaiwa in mutum yana tsaye. Ƙusoshi a jere, taki biyu tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Inda za a juya zuwa madafa, marafan kwalba uku a manne cikin yaɓe. A bakin ban ɗaki, tsohon fulogin mota. Inda dakali ya ɗan taso a hanyar zaure, guntun robar taya da aka ƙulle a jikin ƙusa. Famfon da ke ɗiga a gindin darbejiya da gangan ya bar shi yana ɗiga, da ƙarar yake gane tsakiyar gida. Da ya gama, idon ya rufe ruf. Shekara biyu cur mutumin nan ba ya ganin ko rana, yana tashi ya yi alwala, ya dafa shayinsa, ya fita masallacin da ke jikin katangarsa ya dawo, ni kuma ina kawo masa abinci sau biyu kullum ban gane ba. Ni da nake cika baki cewa ba a yi mini ɓoyo.

Na ga ƙusoshin, ba wai ban gani ba. Amma gidan Yaya ne, wurin da ko tsohon batir ba a yarwa. Na ɗauka tarkacensa ne. Abin da ya dame ni kawai shi ne ya hana a shafa farar ƙasa. Sallah biyu ina zuwa da tsintsiya da bokiti yana kora ta, wai aikin Achta ne, kada kowa ya taɓa masa bango. Na ce to, zauna cikin dauɗarka. Bangon ya yi jirwaye, hannunsa ya bar wani baƙin layi na maiƙo tun daga ƙofar ɗaki har zaure, in baƙi suka zo gaisuwar Sallah ni kunya ke kamawa.

Azumin da ya wuce ya faɗo tsakiyar zafi, irin zafin Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Likita ya hana shi azumi, ya ce likita ba shi zai amsa masa tambaya a kabari ba. Ran ashirin da uku na kawo kunun buɗa baki na same shi kwance a bakin famfo. Aka kai shi asibiti, aka ce sai ya kwana shida. Khaula da Ziyad suka iso washegari.

Ran da ya kwana biyu a can, muka zo gidan ni da Khaula ɗaukar masa kaya. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon bango, ta ce wannan wane irin abu ne. Ni ma sai na kalla da kyau, karon farko. Da babu mai gidan a ciki, abin ya fito mini daban. Layi ɗaya, tsayi ɗaya, ya zagaye gidan kamar an ɗaure shi da igiya. Ga ƙulli a roba. Ga abu uku-uku. Ni ce na fara furtawa, ba zan ɗora wa yarinya ba. Na ce Khaula, wannan ba tarkace ba ne, aiki aka yi wa ubanki. Na ce duba, shekara uku ke nan uwarki ta tafi, ido ya lalace, yanzu ga shi an ɗauke shi ranga-ranga, kuma mutumin da ba ya gani sosai, ƙofarsa a buɗe yini guda, wa zai hana a shigo a kafa masa abin da aka ga dama? Har sunan mutum biyu na kama, Allah Ya yafe mini, ɗayansu ma ya riga mu gidan gaskiya.

Khaula ta yi boko, da farko ta ce haba Goggo. Amma uba uba ne, kuma tsoro ba ya tambayar takardar makaranta. Ziyad ya ce shi bai yarda da wannan magana ba ko kaɗan, sai dai bangon yana buƙatar gyara ko da asiri ko babu, ga Sallah saura kwana biyar, me zai hana a yi wa Baba ba-zata ya dawo ya tarar da sabon gida. Kowa ya samu abin da yake so a cikin shawarar, shi ya sa babu wanda ya ce a tambayi mai gidan.

Da filayarsa na cire su, wadda ke cikin akwatin kayan aikinsa. Kowace ƙusa sai na yi bisimilla kafin in ja. Sittin da ɗaya na ƙirga. Na ƙwaƙule marafan da wuƙa, fulogin ya yi gardama sai da Ziyad ya sa guduma. Na zuba duka a baƙar leda, na hau babur zuwa gada. Kogin Binuwai ya ja baya sosai a lokacin, sai da na sauka na taka yashi mai zafi da nisa kafin in kai inda ruwa yake, na yi addu'a na wurga. Na dawo ina jin kaina sakayau.

Kwana uku muka yi muna aiki da azumi a bakinmu. Ziyad bai taɓa riƙe cokalin gini ba, a waya yake kallon yadda ake yi, ya ajiye ya gwada, simintin ya zubo masa a ƙafa, ya sake. A kwana na biyu hannunsa ya faɗa, ya shafe katangar nan sumul. Ya rushe ɗan dakalin hanyar zaure, wai kada Baba ya yi tuntuɓe. Ya sa wa famfo sabuwar roba ya daina ɗiga. Khaula ta ce farar ƙasa ta tsohon yayi ce, ta sayo fenti kore mai haske, muka shafa ni da ita har ya taɓa mana gira. Ta shimfiɗa sabuwar leda a ɗaki, ta juya gadon ya fuskanci taga don iska, ta matsar da randa zuwa inuwa, ta rataya labule mai furanni. Gaskiya gidan ya yi kyau. Ko yanzu ba zan ce bai yi kyau ba.

Ran jajiberi da hantsi aka sallamo shi. Ziyad ya riƙo shi daga mota har zaure, a nan ya zame hannunsa ya ce ai ya iso gida, a sake shi. Ya ɗora tafinsa a bango kamar yadda ya saba. Ya shafa gaba, ya shafa baya. Ya ɗan ɗaga hannun sama, ya sauke ƙasa. Sai ya tsaya cik, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Khaula tana ta murmushi, ta ce Baba ka ga aikinmu? Ya ce ya gani, Allah Ya yi albarka, farin ya fito sosai. Ta ce kore ne, Baba. Ya ce ai hasken rana ne ya ɗauke masa ido. Ya ce jiri yake ji, a kawo masa kujera nan inda yake. A nan bakin zaure ya zauna.

Na kawo masa ruwa ya ƙi sha. Mai suga, a wannan zafi, ba ya azumi, ya ƙi ruwa. Na yi masa faɗa ya yi banza da ni. Bayan azahar Khaula da mijinta suka tafi kasuwa sayen kayan miyar Sallah, na ja kujera kusa da shi, bakina yana ƙaiƙayi. Na ce Yaya, ba fenti kawai muka yi ba, mun raba ka da mugun abu. Na kwashe labari na ba shi, har da yashin da na taka, ina jiran ya ce sannu.

Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba.

"Daga ƙofar ɗakina zuwa kwana, ƙusa goma sha ɗaya. Marfi uku, madafa. Ƙusa bakwai, fulogi, ban ɗaki. In na taɓa roba, in ɗaga ƙafa."

Na ce me kake faɗa haka.

"Ba na gani, Fanta. Shekara biyu ke nan. Tashi ki kai ni ban ɗaki, tun safe nake riƙe da shi."

Mutane suna cewa in abu irin wannan ya same ka sai ka ji kamar ƙasa ta tsage. Ni ban ji komai ba. Na tashi, na kama hannunsa, na kai shi, na miƙa masa buta, na tsaya a waje ina kallon koren bango. Na lura akwai wurin da burushi bai kama da kyau ba kusa da ƙasa, har na ce a raina gobe in an sauko idi zan ƙara masa hannu ɗaya. Wallahi abin da na yi tunani ke nan. Rabon da in riƙe hannun Yaya tun ina 'yar shekara shida yana tsallakar da ni titi.

Da ya fito na ce zan gyara. Na ɗauko gudumarsa da 'yan ƙusoshin da suka rage a gwangwani. Ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta yi tsalle ta bar tabo a fenti. Ya ce in bari, siminti ba ƙasa ba ne, kuma in Khaula ta dawo ta ga sababbin ƙusoshi me zan ce mata. Na ce to mu ƙirga taki, in koya masa kafin su dawo. Ya yarda, ba don ya sa rai ba. Muka yi ta zagaye tsakar gida, ina ƙirgawa da ƙarfi, yana bi. In na sake shi, taki biyar sai ya karkace ya nufi darbejiya. Babu dakali, babu ɗigar famfo, randa ba ta inda ya san ta. A zagaye na shida ya ce ya isa. Ya ce waccan hanyar shekara guda ya yi yana kafa ta, kuma da sauran ido ya yi.

Na ce to bari in faɗa wa Khaula gaskiya, ni na jawo, a farfasa simintin a mayar masa da komai. A nan ne kawai ya ɗan ɗaga murya.

"In ta san gaskiya, ta san shekara biyu ina yi mata ƙarya ina zaune ni kaɗai a makance. Kina ganin za ta bar ni? Tafiya dai babu fashi. Abin da ya rage shi ne ko ta tafi da ni tana ganin ta yi mini alheri, ko ta tafi da ni ta san da hannunta ta rufe mini gida. Ba za ki faɗa mata ba."

Na ce da hannuna ne, ba nata ba. Ya ce ni na tsufa, zan iya ɗauka.

Da safen Sallah ya sa babbar rigarsa ruwan toka. Khaula tana madafa, ni ina shara, Ziyad yana jira a waje su tafi idi. Ya fito daga ɗaki shi kaɗai, ina ganin leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya kai tsakiyar gida lafiya. Daga nan ya yi hagu maimakon dama, ya yi karo da randa, ya tafi da ita ƙasa. Ruwa ya jiƙa rigar har wuya, girarsa ta fashe. Khaula ta fito da gudu da ludayi a hannu. Bai jira ta tambaya ba, yana zaune cikin ruwan ya ce mata idon ya rufe tun yana asibiti, ya ɓoye ne don kada ya ɓata musu Sallah. Ta durƙusa tana kuka. Shi ko ya ce a samo masa wata rigar, kada liman ya riga su.

Bai yi gardama ba, abin da ya fi tsaya mini ke nan. Mutumin da zai yi awa guda yana musu a kan yawan ruwan farar ƙasa, aka ce jibi za a tafi, ya ce to. Aka tambaye shi me da me za a ɗauka, ya ce duk abin da suka ga dama. Baƙi suna ta shigowa gaisuwa suna yaba fenti, yana musu godiya da Fillanci, useko, useko, ga filasta a goshi. Ni na yi ta zuba musu abinci. Na ci nawa ma, har na ƙara.

Ran tafiya da sassafe Ziyad ya ɗaure katifa a saman mota. Aka zaunar da Yaya a gaba, aka ja masa bel. Na kulle gidan na miƙa wa Khaula makulli, ta ce in riƙe, in riƙa leƙawa ina sharewa kada fentin ya lalace. Sai ta rungume ni a jikin motar, daidai tagar da yake zaune, gilashi a sauke.

"Goggo, abin da ke cina shi ne mun makara. Da tun bara muka cire abubuwan nan, da yanzu Baba yana gani."

Na kalli Yaya. Fuskarsa tana gaba, hannuwansa a kan gwiwa.

"Haka ne," in ji shi. "Kun yi ƙoƙari."

Khaula ta juyo tana jiran in ce wani abu. Na ce haka ne.